Kafin Ka Tambayi Nawa Za Ka Samu, Tambayi Nawa Za A Cira

A ƙarshen watan jiya muna zaune gindin bedin da ke ƙofar lakwal ɗinmu, a wani ƙauye tsakanin Agie da Gazawa, muna jiran labarin albashi, sai wani matashin malami da bai cika shekara uku da kama aiki ba ya miƙo mini wayarsa. Wani Bature ne a ciki yana bayani da Faransanci, yana cewa duk mai son ya tsufa cikin rufin asiri ya riƙa zuba wani abu kowane wata a asusun da ke bin kasuwar hannun jari gaba ɗayanta, ya manta da shi shekara ashirin ko talatin. Ya ce mini, "Mushe, wannan gaskiya ce, ko irin ta bara ce?" Da ya ambaci ta bara duk muka yi tsit, domin bara ne wani abokin aikinmu ya sayar da ragunan da ya turke, ya haɗa da kwasar adashen matarsa, ya tura wa wasu mutane a waya da suka yi masa alkawarin ninki cikin wata uku. Sau biyu suka biya shi, a na uku shafin ya rufe. Har yau bai gama biyan bashi ba.

Na ce wa yaron abin da Baturen ya faɗa gaskiya ne, sai dai ba don malamin ƙauye a jihar Maraɗi aka yi wannan bidiyo ba. Tun daga ranar nake juya maganar, kuma ga inda na tsaya. Irin wannan asusu bai iso ƙofarmu ba tukuna, amma darasin da ke cikinsa ya shafi kowane malami da kowane uba da uwa a Agie da Gazawa da Gidan Rumji. Darasin shi ne, a duk harkar ajiya da zuba jari, ribar da za ka samu gaibu ce, babu wanda ya san ta. Abin da za a cira daga kuɗinka kuwa, shi ana iya saninsa tun ranar farko. Mu kuwa mun saba tambayar abin da ba a iya sani, muna barin wanda ke rubuce a takarda.

Bari mu faro daga tushe. Hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. In kamfanin ya ci riba a ba ka rabonka, in darajarsa ta tashi naka ya tashi, in ya faɗi ka faɗi da shi. Kasuwar hannun jari kuwa ita ce inda ake saye da sayar da waɗannan yankuna. Don a san ko kasuwa ta hau ko ta sauka, sai aka ƙirƙiro ma'auni: a jera manyan kamfanoni, a haɗa darajarsu, a riƙa duba jimillar kowace rana. A Amurka wanda ya fi suna shi ne S&P 500, mai ɗauke da manyan kamfanoni kusan 500. To, asusun bin kasuwa, wanda masu Faransanci ke kira fonds indiciel, asusu ne na haɗaka da ke karɓar kuɗin jama'a ya sayi kaɗan-kaɗan daga kowane kamfani da ke cikin ma'aunin, gwargwadon girmansa. Babu wani gwani da ake biya don ya zaɓi wanda zai yi tashe. Tunda ba a biyan mai zaɓe, kuma ba a yawan saye da sayarwa, sai kuɗin kula da asusun ya zama ɗan kaɗan.

Wani Ba'amurke mai suna John Bogle ne ya fara buɗe wa talakawa irin wannan asusu, a watan Agustan 1976, shekara guda bayan kamfaninsa na Vanguard ya fara aiki. Ya sa ran tara dalar Amurka miliyan 150, sai ya tashi da miliyan 11 da 'yan kai. Manyan dillalan kasuwa suka yi ta yi masa dariya, suna kiran abin wautar Bogle, suna cewa wane ne zai yarda ya tsaya a tsaka-tsaki alhali ga gwanaye da za su kai shi gaba. Kafin rasuwarsa a Janairun 2019, Vanguard ya zama ɗaya daga cikin manyan masu riƙe da dukiyar jama'a a duniya. Akwai wani abu a tsarin kamfanin da ya kamata mu riƙe, don za mu dawo kansa: masu ajiya su ne masu kamfanin, ta hanyar asusun da suka zuba kuɗi a ciki. Babu wani attajiri a gefe da ke jiran rabonsa, shi ya sa duk rarar da aka samu take komawa wajen rage abin da ake cira.

Me ya sa wautar ta ci? Ba wani sirri ba ne, lissafi ne da ɗan aji shida zai iya bi. Ɗauki dukan masu sayen gero su ajiye a kasuwar Gazawa cikin shekara guda. In ka haɗa ribarsu duka, ita ce ribar kasuwar. In wani ya samu fiye da matsakaici, dole wani ya samu ƙasa da shi, domin ba zai yiwu kowa ya fi kowa ba. Yanzu ka raba su gida biyu: masu saye su ajiye kawai, da masu yawo da dillalai suna juya kaya kowane mako suna biyan la'ada. Kafin a cire la'ada, jimillar gidajen biyu daidai take da ta kasuwa. Bayan an cire, gidan masu dillalai dole ya koma baya. Wani masanin tattalin arziki, William Sharpe, wanda ya ci kyautar Nobel, ya rubuta wannan hujja a 1991. Rahotannin da kamfanin S&P ke fitarwa a kai a kai kuma sun sha nuna cewa in aka duba tsawon shekara goma sha biyar, kusan tara cikin goma na asusun manyan kamfanonin Amurka da gwanaye ke zaɓar wa kaya ba su kamo ma'aunin ba.

Attajirin nan Warren Buffett ya taɓa sa kuɗinsa a kan wannan magana. Ya yi yarjejeniya da wani kamfanin gwanaye mai suna Protégé Partners, a kan dalar Amurka miliyan ɗaya da za a ba da sadaka, cewa daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2017 asusun bin S&P 500 zai fi zaɓaɓɓun asusu biyar nasu. A shekarar farko kasuwa ta rushe, asusun Buffett ya yi asarar kusan kashi 37 cikin ɗari, gwanaye suna gaba. Da shekara goma ta cika, nasa ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin ɗari, nasu kuwa a matsakaici bai wuce kashi 36 ba. Ba wai gwanayen jahilai ba ne. La'adarsu ce ta cinye su, domin ana cire ta ko an ci riba ko ba a ci ba.

Bahaushe ya ce arha ba ta ado, kuma a wajen zane da takalmi gaskiyarsa ne. A wajen ajiyar kuɗi abin a juye yake. A yau akwai asusun bin kasuwa a Amurka da ke cire kashi 0.03 ko 0.04 cikin ɗari a shekara, wato a jika ɗari ana cire dala shida zuwa takwas irin tamu. Asusun da ke cire kashi 2.5 kuwa, a jika ɗari yana ɗaukar jika biyu da rabi kowace shekara. A ido wannan ba wani abu ba ne, amma bari mu gwada da alli. Mu ƙaddara malami yana ajiye jika goma kowane wata, wato 120,000 a shekara, har shekara 25. Abin da ya fito daga aljihunsa miliyan 3 ke nan. Mu ƙaddara kuma kasuwa tana ba da kashi 7 cikin ɗari a shekara. Wannan misali ne kawai, babu mai lamunce maka shi. In ana cire masa kashi 0.2, zai tashi da kusan miliyan 7 da dubu 400. In ana cire kashi 2.5, zai tashi da kusan miliyan 5 da dubu 350. Bambancin ya haura miliyan 2, daidai da ajiyarsa ta kusan shekara 17. Shi ya sa kuɗi, shi ya ɗauki kasada, shi ya yi haƙuri, amma kusan rabin ribar ta tafi aljihun wanda bai sa ko dala ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu, har ma ina ganin mun riga wasu. A 1991, a nan yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da wata 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes suka fara tsarin da matan ƙauyukanmu suka raɗa wa suna Mata Masu Dubara. Mata su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban. A buɗe shi a gaban kowa, a ƙirga a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta, ta dawo da shi da ɗan abin da ƙungiya ta amince, in lokaci ya cika a raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Me ya sa ya ɗore alhali ayyuka masu motoci da ofisoshi sun zo sun wuce? Domin babu albashin manaja, babu hayar ofis, babu mai hannu a waje. Masu ajiya su ne masu akwati. Abin da Bogle ya gina da lauyoyi a Amurka ke nan, iyayenmu mata suka gina shi da kwaɗo uku a kan tabarma.

Manomanmu ma sun ba da irin wannan darasi. An yi shekaru ana kashe kuɗi wajen renon 'ya'yan itatuwa a leda, a kwaso a mota a dasa, mafi yawansu su mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi ya lura cewa kututtukan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu na ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a bar wasu rassa, a gyara su, a hana sara. Wannan shi ne sassabin zamani. Ƙauyen Ɗan Saga da ke cikin Agie ya yi suna a kansa, har mutanen garin suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kusan eka miliyan 5 irin ta hekta a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo ba tare da an sayi leda ba. Kuma manomin da ke haɗa gero da wake da riɗi da yakuwa a gona guda, ya ware wani fegi ya sa aya, ya san abin da ake nufi da rarraba kasada tun kafin a rubuta shi a littafi. Bai san wanda damina za ta so ba, sai ya shuka duka.

To, in haka ne, ina malamin Tibiri ko na Gangara zai sami irin asusun Bogle? Nan ne maganar ta yi nauyi. Kasuwar hannun jarinmu ita ce BRVM, mai mazauni a Abijan, wadda ta fara aiki a 1998. Ta ƙasashe takwas ce masu amfani da sefa: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Kamfanonin da ke cikinta arba'in da wani abu ne, irin su Sonatel na Senegal, Orange na Kodebuwa, Ecobank, da BOA Niger daga ƙasarmu. Tana da ma'aunanta, akwai BRVM Composite mai haɗa kowa da kowa, akwai BRVM 30 da aka fara a Janairun 2023. Ba a saye kai tsaye, sai ta hannun dillali mai lasisi da ake kira SGI, kuma hukumar AMF-UMOA ce ke ba da lasisin tana sa ido. Abin da aka fi tallata wa ƙaramin mai ajiya shi ne asusun haɗaka da ake kira FCP ko SICAV, inda manaja ke zaɓar kaya, kuma akan cire kuɗin shiga, da na kula duk shekara, wani lokaci da na fita. Fitar da kuɗi zuwa Turai ko Amurka don sayen hannun jari kuwa, dokar canji ta ƙasashen sefa ta ɗaure shi da neman izini. Don haka in wani ya ce maka ka tura masa kuɗi a waya zai saya maka S&P 500 nan take, ka fara tambayarsa takardarsa.

Ko da asusun ya samu, akwai abin da mai bidiyo bai faɗa ba. Kasuwa tana faɗuwa, kuma takan daɗe a ƙasa. Ma'aunin BRVM Composite ya yi shekara biyar a jere yana sauka, daga 2016 zuwa 2020, a 2018 kaɗai ya zube da kusan kashi 29 cikin ɗari, kafin ya tashi da kusan kashi 39 a 2021. Wanda ya shiga a 2015 kuma aurar da 'ya ya taso masa a 2019, da asara ya fita. A Japan, ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwa a Disambar 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024, shekara 34 ke nan. Sannan kasuwarmu ƙarama ce, kamfanonin waya biyu da 'yan bankuna su ne suka ɗauke kaso mafi tsoka na darajarta, don haka wanda ya sayi duka kasuwar bai rarraba kasada kamar mai kamfanoni 500 ba. Ga kuma kasadar kuɗin kansa. Manyanmu suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta a gaban kuɗin Faransa. Mu kuma mun ga abin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023, da aka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, mutum yana da kuɗi a banki amma sai ya yi layi a ba shi ɗan abin da aka ƙayyade, har zuwa ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Sai maganar halal da haram, wadda ba za mu tsallake ba, domin ita ce tambayar farko da mafi yawan iyaye za su yi. Asusun da ya sayi kasuwa gaba ɗaya ya sayi har da bankuna masu mu'amala da kuɗin ruwa. A BRVM akwai kamfanin giya, akwai na taba, kuma tun ƙarshen 2024 akwai na cacar ƙasar Benin. Musulmi da yawa ba za su yarda kuɗinsu ya shiga nan ba, kuma suna da hujja. An daɗe da samar wa wannan mafita a wasu wurare. A 1999 aka buɗe ma'aunin Musulunci na Dow Jones, wanda ke tace kamfanoni: a fitar da masu giya da caca da alade da kuɗin ruwa, a fitar da wanda bashi ya yi wa yawa, wajen kashi ɗaya bisa uku na darajarsa, sannan ɗan abin da ya gauraya a fitar da shi sadaka. A Najeriya akwai asusun Lotus Halal da aka sa a kasuwar Legas a 2014, yana bin ma'aunin da aka tace haka. Sai dai da naira yake, kuma duk mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san abin da ya sami naira: daga wajen 460 a dalar Amurka a farashin gwamnati a tsakiyar 2023, ta wuce 1,500 a 2024. Mai albashin sefa da ya ci riba da naira yana iya juyowa gida ya tarar ribar ta narke a wajen canji.

Wani zai ce, "Malam, duk wannan dogon turanci ne. Mu da albashi ba ya kai mu ashirin ga wata, wane hannun jari?" Wani kuma ya ce rago ɗaya da aka turke wata huɗu kafin Layya ya fi duk wata takarda ta Abijan. Ban ƙi ba. Kiwo da ajiyar hatsi sana'o'i ne da muka sani, kuma sau da yawa ribarsu ta fi. Amma mu yi musu adalci irin wanda muka yi wa asusu: mu cire dusa da harawa, mu cire allura, mu cire la'adar dillali, mu cire wanda ya mutu da wanda aka sace, mu cire wahalar yaron da aka hana karatun yamma don ya yiwo ciyawa. Sannan mu tuna cewa gona da akuya da rumbu da akwatin ƙungiya duk ruwan sama guda suke jira. A 2005, bayan fari da fara sun haɗu a daminar 2004, hatsi ya yi tsada a daidai lokacin da dabba ta faɗi warwas, kowa yana son sayarwa, kowa yana son rance. Amfanin samun wani ɗan abu a nesa shi ne kada dukan abin da ka mallaka ya rataya a damina ɗaya.

Don haka ga jerin da nake ba ƙannena malamai, kuma ban ga dalilin sauya shi ba. Na farko, a kashe bashi mai ruwa. Tun 2014 dokar ƙasashen sefa ta bar wa ƙananan cibiyoyin rance damar kaiwa kashi 24 cikin ɗari a shekara. Wanda ke biyan kusa da haka yana neman ribar kashi 7 a wani wuri, yana ɗibar ruwa ne da kwando. Na biyu, a cika rumbu da kaka, gwargwadon abin da gida zai ci zuwa wata kakar, domin a mafi yawan shekaru tiyar da ka saya a Oktoba ta fi ta Yuli sauƙi nesa ba kusa ba. Na uku, a ware kuɗin ko-ta-kwana, na wata biyu ko uku, a inda hannu zai kai cikin dare, saboda rashin lafiya da jinkirin albashi. Na huɗu, kuɗin rajistar yara da littattafai da duk abin da za a buƙata cikin shekara biyar kada ya kusanci kasuwar hannun jari. Wurinsa adashe ko akwatin ƙungiya. Abin da ya rage bayan wannan, ko jika biyu ne a wata, wanda ka tabbata ba za ka taɓa ba shekara goma zuwa sama, shi ne kuɗin doguwar tafiya.

In ka kai nan, ko wani ya zo maka da tayi, ko a banki ne ko a waya ko a masallaci, ga tambayoyi biyar. Wa ya ba ku izini, kuma sunanku yana cikin jerin da AMF-UMOA ta wallafa? Nawa ake cira wajen shiga, nawa kowace shekara, nawa wajen fita, a rubuta mini da sefa a kan jika ɗari? Waɗanne kamfanoni ne a ciki? A shekarar da ta fi muni, nawa aka yi asara? In na mutu, ta yaya magadana za su karɓa, kuma wace takarda za su kawo? Mai gaskiya zai amsa duka biyar ba tare da ya ɓata rai ba. Wanda ya ce maka ba a taɓa asara ba, ko ya ce ka yi sauri kafin a rufe, ko ya ce ka kawo mutum uku a ƙara maka, ka riƙe kuɗinka ka yi masa sallama.

Mu malamai muna da wani makami da babu mai shi: allo. MMM, wanda ya daskarar da kuɗin miliyoyin 'yan Najeriya a Disambar 2016, alkawarinsa kashi 30 cikin ɗari ne kowane wata. A Afrilun 2025 wani mai suna CBEX ya sake rufewa da kuɗin jama'a. Ka ba 'yan ajinka wannan aiki: jika goma, tana ƙaruwa da kashi 30 kowane wata, nawa za ta zama? Bayan shekara ɗaya za su sami kusan jika 233. Bayan shekara uku, sama da miliyan 126. Bayan shekara biyar, sama da miliyar 68, wato miliyan dubu 68. Sai ka tambaye su: mutumin da ya san hanyar mayar da jika goma miliyar 68, me zai yi da kuɗin ragon babanku? Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya je gida da rigakafin da zai kare gidan gaba ɗaya. Washegari ka ba su na malamin nan mai jika goma a wata, su ga yadda kashi 2.5 ke cin rabin riba. A taron COGES da na ƙungiyar iyaye mata ma, minti goma sha biyar sun isa a yi wannan a allo. Iyaye kuma, ku bar yara su ga lissafin gida. Yarinyar da ta zauna kusa da uwarta ranar buɗe akwati ta ga ana ƙirga a fili, ba za ta yarda da wanda ke ɓoye lissafi ba in ta girma.

Kira na na ƙarshe ga ƙungiyoyin malamai ne, irin su SNEN, da asusun taimakon juna da muke da su a makarantu. Malami guda mai jika biyar ba shi da bakin ciniki a gaban dillalin Yamai ko na Abijan. Malamai dubu goma masu jika biyar-biyar, miliyan 50 ne kowane wata, kuma mai miliyan 50 a wata ana tashi a ba shi kujera. Yadda muke zama mu yi ciniki a kan albashi da alawus, haka ya kamata mu zauna mu nemi a buɗe mana asusu mai bin ma'auni, wanda aka tace shi ya dace da shari'a, mai lasisi, mai la'ada ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, wanda za a iya zuba wa ta waya daga Gidan Sori ko Sae Sabuwa, kuma a riƙa karanta lissafinsa a fili kamar na akwatin Mata Masu Dubara. Wannan ya fi muhimmanci ga 'yan kwantiragi, waɗanda da yawansu ke shekaru suna koyarwa ba su san abin da zai riƙe su ranar da ƙarfi ya ƙare ba.

Shi kuwa matashin da ya miƙo mini waya, mun zauna mun yi lissafinsa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Ya tarar akwai bashin babur a kansa na wata bakwai, kuma bai sayi geron gida ba. Ya ce zai fara da waɗannan, in ya gama mu sake zama. Na ce masa in ya zo, ya zo da tambayoyin nan biyar a rubuce. Allah ya sa mu gama aiki lafiya, ya rufa mana asiri a tsufa, ya albarkaci ɗan abin da muke samu.